Fankar da Na Ba Hajiya Zali Aro

Shekaranjiya da hantsi wata mata daga Karakara ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar rumfata, rungume da fanka a ƙirji. Ta ce tana juyawa, amma iskarta ba ta kai bakin gado, ga ƙara kamar ana niƙa. Kuna zaune a bencin nan kuna shan shayi, na ji ɗayanku ya ce, "Baba Isufu, ai kondansater ne, a canza mata ta kama hanya." Na cire ragar, na ɗora yatsa na juya fukafukan a hankali, sai ga guda ya fi ƴan'uwansa sunkuyowa. Ko an shanya wanki a kanta, ko ta taɓa faɗuwa da ka. Na ɗumama robar a garwashin shayinku, na danne ta a gwiwa har ta huce, na ɗiga mai, matar ta koma gida ba ta sayi ko ƙusa ba.

Ban ga laifinku ba. A idon mai kallo, fanka fiffike uku ce da waya. Kuma sau da yawa kondansater ɗin ne, gaskiyarku. Sai dai moter aikinsa juyi kawai. Mai yin iska fiffike ne, kuma a kan fiffike na ƙarar da shekaruna. Tunda kun sha shayi a inuwata, yau kunnenku zan ara.

Mahaifina manomin shinkafa ne a bakin kogi. Shi ya riƙo hannuna ya kai ni wurin Baba Gado, ina saurayi ɗanye. Baba Gado mutumin Dandi ne, ya yi ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, yana kula da manyan fankokin da ke shigar da iska cikin jirgi, can ƙasa inda ake jibge kaya. Da ya dawo Gaya ya kafa rumfa, lokacin kuran, wato wutar lantarki, bai wuce biro-biro na gwamnati da gidajen manyan ma'aikata da na ƴan attajirai ba.

Damina guda cur na yi ban taɓa waya ba. Aikina wanke fiffike da kananzir da tsumma. Na gaji, na ce, "Baba, yaushe zan fara naɗin bobin ɗin moter?"

Ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri a bakinsu. "Rufe idonka."

Na rufe. Ya ɗora mini wani fiffike a tafin hannu ya ce in gaya masa ina gaba, ina baya, kuma wane gefe yake juyawa. Na lalluba, na faɗi abin da ya zo mini. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo mini tsumman. Haka muka yi ta yi har ranar da yatsuna suka gane da kansu: bakin da ke yanka iska daban, bakin da ke sakinta daban, kuma cikin fiffike mai ɗan zurfi shi ke fuskantar mai shan iska.

Kayan aikinsa ba su cika jakar fata ɗaya ba. Turnabis na kwance ƙusa babba da ƙarami, pensa ta kama waya, zarto, guntun alli, gudumar katako da ya sassaƙa da kansa don kada ƙarfe ya ji ciwo, da wuƙaƙe biyu tsofaffi da ya kafa a kan katako bakinsu sama. Da wuƙaƙen nan ake awo. Ka zura sandar ƙarfe mai santsi a cibiyar fukafukan, ka ɗora a kan wuƙaƙen, ka janye hannu. Wanda ya fi nauyi zai gangaro ƙasa da kansa. Ka yi masa alama da alli, ka goge bayansa kaɗan da zarto, ka sake ɗorawa, har sai duk inda ka ajiye su sun tsaya cak. Ga su can a kan tebur, har yau da su nake aiki.

Aikina na farko da kaina a biro na duwan ne, wato ofishin kwastan. Fankar samansu tana rawa kamar za ta tsinko, har magatakardan ya ja teburinsa zuwa bakin taga yana aiki a takure. Baba Gado ya zauna a kujera ya naɗe ƙafa, ya ce, "Hau." Na hau tebur, na shafa fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Lanƙwasarsu daidai, ƙusoshi a ɗaure. Na sake shafawa, sai na ji bakin guda ya yi kauri. Ashe mai fenti ne ya zo bara, ya lafta wa wannan fenti har ya taru ya daskare a gefe. Na kankare da wuƙa, aka kunna, ta juya shiru kamar ba ita ba. Magatakarda ya maido teburinsa tsakiyar ɗaki. A hanyar komawa Baba Gado ya tsaya wurin mai soya kifi, ya zaɓa mini babba, yabonsa ke nan. Na gane.

Tara tsofaffin fankoki kuwa bayan na buɗe tawa rumfar ya fara. An kira ni gidan wani attajiri da ya rasu, magada suna share ɗaki. A kusurwa na hangi wata fankar tebur, baƙa, ƙura ta rufe ta, ana shirin ba masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na sa hannu zan ɗaga, na ji kamar dutsen niƙa. Na goge fiffike guda da bakin rigata, sai tagulla ta haska. Na ce wa babban ɗan, "Alhaji, in kawo muku sabuwa fil, ku bar mini wannan?" Ya dube ni kamar mai zazzaɓi, ya ce in ɗauka tun kafin in warke.

Mako na yi a kanta. Ranar da na kunna ta, na tsaya a gabanta ina jiran ƙara, ban ji ba, sai rigata da ke kaɗawa. Tun daga ranar cutar ta kama ni. Kasuwar Malanbil, kasuwar Kamba, bayan garaji, duk inda aka tara ruɓaɓɓen ƙarfe sai na leƙa. Direbobi suka san ni. Mutum zai tsaya da kamiyo, babbar motar kaya, a bakin titi ya ƙwala kira, "Mai Fanka! Na samo maka wata gawa a Faraku!" In fito da gudu. Akwai mai fiffike siriri kamar takobi, akwai mai faɗi kamar ganyen ayaba, akwai mai kama da kunnen jaki, akwai wadda bakinta ya lanƙwasa kamar lauje. Kowace da irin iskarta. Wata ta soko ka a wuri ɗaya, wata ta lulluɓe ɗakin gaba ɗaya ba ka san ta inda ta zo ba. Ɗakin da ke bayan rumfar nan ya cika har ƙofa. Maiɗakina takan ce wa baƙi, "Nan ne gidan mai fanka, ga mafici ku yi fifita." Don ba na yarda a wahalar mini da tsofaffin.

Wata ranar kasuwa Mushe Ide ya kawo gyara. Tsohon malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki, sa'ana ne, mai son gardama. Yana jira, ya ɗauki mai tagullar nan yana jujjuyawa, ya sa tabarau ya karanta ɗan allon ƙarfen da ke gindinta.

Ya ce, "Isufu, ka san wannan lambar?"

Na ce, "Lamba ce dai."

Ya ce, "Lambar breve ce." Ya yi mini bayani: a ƙasashen da ake ƙera waɗannan abubuwa, in mutum ya ƙirƙiro wani abu, yakan zana shi, ya rubuta yadda yake aiki, hukuma ta ajiye ta ba shi lamba don kada wani ya kwaikwaya ba izininsa. Ya ce tsofaffin takardun nan yanzu an zuba su inda kowa zai iya gani da salula. Ƴarsa da ke Yamai ta aiko masa da wata babba, bai ma san abin da zai yi da ita ba.

Muka zauna a bencin nan ya buga lambar. Muka jira, muka jira, hoto ya fito. Tarkon ɓera. Na yi dariya har na riƙe ciki. Mushe ya fusata, ya ce salular ce ba ta da tarbiyya. Sai daga baya ya gano kowace ƙasa da nata jerin lambobi, dole ka san inda aka ƙera abin. Washegari ya dawo tun ban gama shara ba, ya miƙo mini salular bai yi sallama ba. Ga fankata a zane, kowane fiffike, kowace ƙusa, da hannun wani bawan Allah da ya mutu tun kafin a haifi kakana.

Ya karanta yana juya mini da Hausa. Mutumin ya ce ya murɗe fiffiken sosai kusa da cibiya, ya sassauta murɗar a can baki, domin baki yana cin doguwar hanya a kowane juyi, gindi kuwa gajeruwa. In ba a yi haka ba, baki ya yi aiki gindi ya yi zaman banza. Hannuna ya san wannan murɗar tun zamanin Baba Gado, amma ba wanda ya taɓa gaya mini dalilinta. Ranar ban yi gyara ko ɗaya ba.

Muka mai da abin sana'a ta biyu. Ni in kankare allo, shi ya nemo zane, mu kai wurin masu fotokofi a bakin tasha a fitar mana a takarda, in liƙa a bango sama da mai ita. Muna gardama kullum. Shi duk abin da takarda ta faɗa ya yarda. Ni kuwa na ce masa masu breve ma akwai ƴan cika baki, don akwai wanda ya rantse fankarsa ba ta ƙara, muka kunna ta, kajin maƙwabta suka watse.

Babbar cikinsu a hanyar Bengu na samo ta, ana rushe wata tsohuwar mangaza ta zamanin Turawa, wato ɗakin ajiyar gyaɗa. A tsaye ta kai mini ƙirji. Fiffike shida masu faɗi, baƙin ƙarfe, ba moter, sai wata ƙafa mai kwari a baya inda igiya ke hawa. A amalanken jaki aka kawo ta, jakin yana tsayawa yana hutawa. Na sa mata suna Dorina. Allonta tsatsa ta cinye rabin lambar, Mushe ya gwada ya gwada ya haƙura. Na wanke ta, na yi mata awo, na jingine ta a bango ina kallo.

Sai muguwar shekara ta zo, kun san ta, ba ku manta ba. Aka rufe iyaka, aka tare gadar kogi, manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji. Layin kuran da ke zuwa daga Najeriya aka yanke shi. To wa zai kawo gyaran fanka ba wuta? Sai in buɗe rumfa in share, in zauna har azahar ba wanda ya ce sannu. Na koma gyaran tocila da ƴan fankokin bateri na yara, wani lokaci in bi ƙanena gonar shinkafa don a samu na tuwo. Mushe kaɗai bai daina zuwa ba.

Ana tsakiyar damina Hajiya Zali ta zo. Babbar mai fataucin albasa ce, tana tara ta tun rani tana kaiwa Kwatano. Motocinta suna cikin waɗanda suka maƙale a bakin gada da kaya. Da ta ga ba ranar buɗewa, ta sa aka sauke buhunan a wata mangaza bayan kasuwa, ginin ƙasa, rufin kwano, ƙofa ɗaya. Kun san daminar Gaya, iska kanta jiƙe take. Albasa ta fara gumi.

Ta tsaya a nan, ba ta ko zauna ba, ta ce, "Malam Isufu, an ce kana da fanka mai girman ƙofa."

Na ce, "Hajiya, wannan ta kallo ce."

Ta ce, "Albasata ma nan da ƴan kwanaki ta kallo za ta zama. Kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, akwai ta matan unguwarmu da suka zuba abin hannunsu a ciki. Taso ka gani."

Na je. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Na zura hannu tsakanin buhuna, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Nan take na aika a kira mai amalanke.

Wuta muka fara nema. Aka sauko da pano na hasken rana daga rufin gidan Hajiya. Direbanta Zibo, da zaman jiran gada ya ishe shi, ya ciro baturan motarsa, ya kuma samo mini ɗan moter da ke sanyaya injin wata ƙaramar mota da ta mutu. Na yanko igiya daga robar cikin taya. Magini ya fasa bango can sama, muka ɗaga Dorina da igiyoyi da salati, muka kafa ta. Na haɗa waya. Ta yi nishi, ta motsa, ta fara juyi a hankali. Shekara nawa rabonta da aiki, Allah kaɗai ya sani. Duk muka yi tafi.

Hajiya ce ba ta yi ba. Tana can ƙuryar mangaza a tsaye tsakanin buhuna. Ta ce, "Ni dai gyalena bai motsa ba."

Na hau tsani na kai hannu gefen ramin. Iskar da ta fita tana zagayowa ta bakin fukafukan ta dawo ciki. Dorina tana wasa da iska ɗaya, mangaza kuwa tana nan yadda take. Na ƙara mata gudu, kafin la'asar batura suka yi sanyi. Na sauko daga tsani. Zibo ya ce ko a ƙara fasa ramin. Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba.

Ashe Mushe, tun da muka ɗaga ta, ya kwance ɗan allon ya tafi da shi. Ya goge shi da lemon tsami da toka, ya ɗora takarda ya shafa fensir a kai har inuwar wasu lambobi ta fito, sauran ya dinga cankawa yana gwadawa, salularsa a jone da baturin wani direba. Washegari da hantsi ina kan tsani ina zare ido, na ji hayaniya. Na leƙo. Mushe Ide ne ke gudu, tsoho da furfura, ya tattare riga da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga salula sama.

"Isufu! Sauko! Tsirara ka kafa ta!"

Na sauko. Ga Dorina a zane, fiffike shida, ba shakka ita ce. Amma kewaye da ita akwai wani zobe mai faɗi, bakinsa a buɗe kamar mazurari, ya matso fukafukan har da ƙyar yatsa zai shiga tsakani. Masu rushe mangazar gyaɗa sun bar shi cikin bango, ni kuwa ban taɓa sanin akwai shi ba. Mushe yana haki yana karantawa: zoben ke hana iska zagayowa, kada a ba ta gudu, a hankali aka yi ta ta yi aiki, kuma a buɗe ƙofofin iska a ƙasa, a bangon da ya fi nisa.

Na ce, "Mushe, yau takarda ta yi gaskiya."

Ya ce, "Maimaita, ban ji ba."

Muka samo tano biyu, wato durom na mai, mai walda ya yanka ya haɗa, ni na buɗe bakin da gudumar katako, ina bugu ina gwadawa har ya zauna. Magini ya cike gefe da laka, ya huda ƙananan ramuka a gindin bangon baya. Matan suka zo da kansu, suka zazzage buhuna, suka tsince ruɓaɓɓun, aka jera sauran a kan itace da hanya a tsakani. Rana ta dawo tsaka, pano ya sha haske, na haɗa waya.

Na jiƙa yatsa zan gwada, Hajiya ta ce, "Bari, Malam Isufu, yatsanka kai kaɗai zai gaya wa." Ta aika gida aka kawo kaskon turaren wuta. Ta zuba turare, ta ajiye kaskon a waje, bakin ramukan ƙasa. Muka shiga ciki muka zuba ido. Sai ga hayaƙi ya leƙo ta rami, ya kwanta a ƙasa, ya bi tsakanin buhuna kamar mai neman wani, ya ratsa mangazar tun daga baya har gaba, ya miƙe sama, Dorina ta haɗiye shi ta fitar waje. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Zibo ya kama Mushe suna rawa a cikin ɓawon albasa. Gyalen Hajiya yana kaɗawa, ta riƙe bakinsa tana dariya.

Ba duka albasar aka tsira da ita ba, wadda ta riga ta kama ta tafi. Amma mafi yawa ta bushe ta yi ƙwari, ta jira har aka fara tsallakar da kaya a kwalekwale zuwa Malanbil. Labari ya bazu. Masu albasa, masu busasshen kifi, masu ajiyar shinkafa, kowa yana son fanka irin ta Hajiya. Ni da mai walda muka dinga yanka tano muna kwaikwayon fukafukan Dorina da zobenta. Mushe ya ce mai breve ɗin ya daɗe a ƙasa, lokacin haninsa ya wuce, ba zai kai mu ƙara ba. Shekarar da ta fara da zaman banza, da ciwon kafaɗa na gama ta.

Da mangaza ta zama wayam, na ɗauki mai amalanke muka je ɗauko kayata. Na tarar an shafe bangon da siminti, an yi wa zoben koren fenti, har an kafa ɗan rufi a waje don kada ruwa ya taɓa ta. Hajiya tana zaune a ƙofa a kan tabarma.

Na ce, "Hajiya, na zo ɗaukar fankata."

Ta ce, "Wace fanka?"

"Dorina."

Ta ɗaga kai ta dube ta, tana can sama tana juyinta a natse. Ta ce, "To ga ta nan. Tambaye ta. In ta ce ta fi son ta koma ɗaki ta jingina da bango, kwance ta. Sabuwar albasa dai tana hanya."

Na tsaya a ƙarƙashinta na ɗan jima. Ko ƙis ba ta yi, sai iska mai sanyi da ke wuce wuyana. Mai amalanke ya ce, "Baba, a kawo tsani?" Na ce ya bari. Buhun albasa ya ɗauko mana a madadinta, jakin ma ya fi jin daɗin wannan.

Tana can har gobe. In muka haɗu da Hajiya a kasuwa nakan ce, "Hajiya, aro ne fa."

Takan ce, "Aro ne, Malam Isufu, wa ya ce ba aro ba ne? Ranar Juma'a ka zo da mai, na ji kamar tana son sha."